Farfesa A. V. Hill: Malamin Da Ya Gano Dalilin Hakin Mai Gudu

Ina so in kawo muku taƙaitaccen tarihin wani bawan Allah wanda ya amsa tambayar da kowannenmu ya taɓa ji a ƙirjinsa ranar tseren gidaje, wato me ya sa mutum yake ci gaba da haki bayan ya riga ya tsaya.

An haifi Archibald Vivian Hill a birnin Biristol na Ingila a 1886. Lissafi ya fara karantawa a Jami'ar Kembirij, daga baya ya koma nazarin aikin jikin ɗan Adam. Wannan lissafi kuwa shi ne jarinsa. Ya ɗauki tsokar cinyar kwaɗo, yana auna ɗan zafin da take fitarwa idan ta motsa, zafin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na digiri ba. A kan wannan aiki aka ba shi kyautar Nobel ta 1922 tare da Otto Meyerhof, mutumin Jamus.

Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne bai tsaya kan kwaɗo ba. Hill gwanin gudu ne tun yana makaranta. Da ya zama farfesa a Mancesta a 1920, shi da abokin aikinsa Hartley Lupton suka riƙa zagaya fili da gudu, da jakar tara numfashi a goye, suna auna iskar oksijin da jiki yake sha. Suka ga cewa tana ƙaruwa yayin da gudu yake ƙaruwa, har ta kai iyakar da ba ta wucewa. Tasa iyakar kusan lita 4 ce a minti ɗaya. Idan mai gudu ya zarce wannan, to bashi jiki yake ci, hakin nan kuwa biyan bashin ne. Masana na baya sun yi wa bayanin gyara, amma har yau da wannan iyaka ake gwada ƙarfin 'yan wasa.

A 1923 ya koma Landan da koyarwa. A 1927 kuma, a Jami'ar Cornell ta Amurka, ya ɗaura wa masu tsere maganaɗisu, ya jera wayoyi a gefen hanya don ya auna saurinsu taki-taki.

Mu da muke aikin gwamnati ya kamata mu san ɗaya ɓangaren nasa. A 1933, lokacin da Hitila ya kori malamai Yahudawa daga jami'o'in Jamus, Hill yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar sama musu mafaka da aiki. Ya wakilci Jami'ar Kembirij a majalisar dokoki daga 1940 zuwa 1945. Ya rasu a 1977 yana da shekara 90.