Soichiro Honda: Ɗan maƙerin da ya kafa kamfanin Honda

An haifi Soichiro Honda ranar 17 ga Nuwamba, 1906, a lardin Shizuoka na ƙasar Japan. Mahaifinsa maƙeri ne, mai gyaran kekuna.

Yana ɗan shekara 15 ya tafi Tokyo koyon kanikanci. A 1937 ya kafa masana'antar zobban fistin, wadda Toyota ke sayen kayanta, amma bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu da girgizar ƙasar 1945 suka rusa ta.

Bai karaya ba. Ya koma ɗora wa kekuna ƙananan injina, sannan ya kafa kamfanin Honda a 1948. Civic ta fito a 1972, ya yi ritaya a 1973, Accord kuma ta biyo baya a 1976.

Juriyar injin waɗannan motoci ce ta sa suka karɓu a arewacin Najeriya. Akasarinsu 'yan gwanjo ne da akan sauke a Kwatano, wasu su shigo ta iyakar Benin da jihar Kebbi, kafin gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a 2017.

Honda ya rasu ranar 5 ga Agusta, 1991, yana da shekara 84.