Arkell, Baturen da ya binciko shekarun duwatsun Omdurman

An haifi Anthony Arkell a Ingila a 1898, ya kama aiki a Sudan a 1920, ya rasu a 1980.

A rafin Khor Abu Anga da ke Omdurman ya tono gatura na dutse, aikin mutanen farko. Ƙa'idarsa irin ta jibgin buhuna ce a sito: na ƙasa ya riga na sama zuwa. Gawayin da ya haƙo a Shaheinab, arewa da Omdurman, awon sinadarin kabon-14 ya nuna ya haura shekara 5,000.

A 2024 aka samu labarin wawashe gidan tarihin Khartoum. Mu 'yan kasuwar iyaka, kada mu sayi irin wannan kaya, domin haram ne, kuma tarihin al'umma ne.