Gary Gygax: Shumekan da ya koya wa dodanni dabarar yaƙi

Idan kana cikin masu buga gem a waya ko a kwamfuta, ka san yadda abin yake: jaruminka yana da layin rai da ke raguwa duk sanda aka doke shi, yana tara maki ya hau mataki na gaba, daga ƙarshe ya haɗu da bos. To wannan tsarin ya girmi wayar da ke hannunka nesa ba kusa ba. A kan tebur aka fara shi, da takarda da fensir da dayis irin na ludo. Ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa shi kuwa wani Ba'amurke ne mai suna Gary Gygax, wanda a lokacin gyaran takalma yake yi don ya ciyar da iyalinsa.

An haife shi ranar 27 ga Yuli, 1938 a birnin Shikago. Mahaifinsa ya yi ƙaura ne daga Suwizalan zuwa Amurka. A 1946 iyayensa suka koma wani ƙaramin gari mai suna Lake Geneva a jihar Wisconsin. Tun yana yaro ya shaƙu da wasan ces da littattafan jarumta, amma karatun boko bai karɓe shi ba, ko sakandare bai gama ba. Daga baya ya samu aiki a kamfanin inshora, inda yake lissafin yiwuwar aukuwar asara kafin kamfani ya karɓi yarjejeniya. Riƙe wannan a ranka, domin mutumin da ya saba auna haɗari da alƙaluma shi ne zai zo ya auna ƙarfin dodanni.

Da daddare kuwa, shi da abokansa sukan jera ƙananan sojojin roba da na dalma a kan tebur mai yashi, su maimaita yaƙe-yaƙen tarihi bisa dokoki. A 1968 ya kama hayar wani zaure a garinsu ya shirya taron masu irin wannan wasa, aka sa masa suna Gen Con. Mutum kusan ɗari ne suka zo. A taron shekarar da ta biyo baya ya haɗu da wani ɗalibi daga jihar Minnesota, Dave Arneson.

A ƙarshen 1970 ya rasa aikinsa na inshora, ga mata ga 'ya'ya biyar. Sai ya zama shumeka, yana gyaran takalma a ɗakin ƙasa na gidansa, yana rubuta dokokin wasa a gefe. A 1971 shi da Jeff Perren suka fitar da Chainmail, dokokin yaƙin zamanin takobi da sulke. A ƙarshen littafin ya ƙara 'yan shafuka kan yadda za a saka matsafa da samudawa da macizai masu aman wuta a fagen daga. Arneson ya ɗauki wannan ya kai shi wani wuri daban: maimakon kowa ya ja runduna, sai kowane ɗan wasa ya zama mutum guda, su sauka ƙarƙashin wata fada neman dukiya. A ƙarshen 1972 ya zo Lake Geneva ya nuna wa Gygax. Gygax ya zauna ya tsara dokokin, ya fara gwada su a kan 'ya'yansa biyu.

Kamfanonin da ya tuntuɓa ba su karɓa ba. Shi da abokinsa na yarinta, Don Kaye, suka kafa nasu mai suna TSR a 1973, wani matashi Brian Blume ya shigo da ƙarin jari. A Janairun 1974 suka buga kwafi 1,000 na Dungeons & Dragons, ƙananan littattafai uku a cikin kwali, kan dala 10.

Yaya ake wasan? Mutum ɗaya ne jagora. Shi ya zana taswirar kogon a ɓoye, shi yake bayyana abin da ake gani, shi ne kuma bakin duk wani dodo. Sauran kowa ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, a jefa dayis a ga ko ya yi nasara. Kamar tatsuniya ce, sai dai masu sauraro suna da ta cewa, kuma mai bayarwa bai san ƙarshenta ba. A nan wahalar take. Idan dodo ya yi rauni, wasan ya zama lami. Idan ya fi ƙarfinsu ba tare da wata mafita ba, an zalunce su, gobe ba wanda zai dawo.

Amsar da Gygax ya bayar tana cikin littafinsa na 1977, Monster Manual, mai ɗauke da dodanni sama da 350. Ga kowanne ya rubuta ƙarfin dukansa da kaurin fatarsa, amma bai tsaya nan ba. Ya faɗi su nawa suke yawo tare, da saurinsu, da yawan zaman da suke yi a raminsu, da irin dukiyar da suke ɓoyewa, da kuma kaifin hankalinsu. Wato jagora ya san cewa dodo mai wayo ba zai yi faɗa irin na dabba ba.

Duba wasu daga cikinsu ka ga. Akwai dodon tsatsa, wanda ba ya cin naman mutum, ƙarfe yake ci. Ya taɓa sulkenka ko takobinka, sun ruɓe. Sai ka ga barden da kowa ke taƙama da shi ya ranta a na kare, wanda ba shi da ƙarfe a jiki shi ne zai shiga gaba. Siffar wannan dodon ma daga wata jakar kayan wasan yara na roba, ƙirar Hong Kong, Gygax ya samo ta. Akwai wani da ke rikiɗa ya zama akwatin dukiya, mai zari ya kai hannu ya maƙale. Akwai troll, wanda duk saran da ka yi masa zai warke, sai an haɗa da wuta ko ruwan batir mai cin jiki. Kowannensu tambaya yake yi wa ɗan wasa, kuma sara da suka kaɗai ba su amsa ta.

Ya kuma saka dokokin da ke sa faɗa ya yi tsada. A dokokin farko, duk minti goma na zagaye a cikin kogo jagora zai jefa dayis, idan 6 ta fito wani dodo mai yawo ya iso, kuma irinsu ba su cika ɗauke da dukiya ba. Mafi yawan makin da ke ɗaga jarumi kuwa daga zinaren da ya fito da shi yake zuwa. Ka ga ke nan mai hankali shi ne wanda ya lallaɓa ya kwashe ya fice ba tare da ya zare takobi ba. Su ma dodannin suna iya karaya su gudu, ko su saurari ciniki.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne labaran da ya tsara don a buga. A cikin Steading of the Hill Giant Chief na 1978, yawancin samudawan suna babban zaure suna walima, masu gadin ƙofa sun bugu sun yi barci, a ƙasa kuma akwai bayin da suka yi tawaye. Wanda ya banka ƙofar zauren kai tsaye ya kai kansa mahallaka, wanda ya tsaya ya leƙa zai iya samun abokan yaƙi. A cikin The Keep on the Borderlands, wanda aka riƙa sakawa a kwalin 'yan koyo, ƙabilun dodanni daban-daban ne ke zaune a kogunan kwari ɗaya, wasu ma ba sa ga maciji da juna. Idan aka matsa wa goblin, suna da wani ƙaton maƙwabci da suke biya ya shigar musu faɗa. Gygax ya ma shawarci jagora da cewa dodanni su riƙa koyo: idan 'yan wasa suka ƙona su da mai yau, gobe su ma su tanadi nasu. Shi kuwa Tomb of Horrors, da ya fara tsarawa don wata gasa a 1975, dodanninsa kaɗan ne, tarkuna ne suka cika shi, musamman don ya kunyata masu ganin sun gama iyawa.

Kasuwa ta buɗe, har da taimakon da ba a nema ba. A 1979 wani ɗalibin jami'a a jihar Michigan ya ɓata, jaridu suka yi ta alaƙanta abin da wasan. Daga baya ta bayyana ba wasan ne sanadi ba, amma sunan ya riga ya shiga kowane gida, ciniki ya ƙaru. A 1983 har katun aka fara nunawa a tashar CBS, Gygax ya koma Kalifoniya yana neman hanyar fim.

Sai dai mutumin da ya iya hango kwanton ɓauna a kan takarda bai tsare bayansa a ofis ba. Tun da Don Kaye ya rasu a Janairun 1975, rinjayen hannun jari ya koma wajen iyalin Blume. Tsakaninsa da Arneson ma ta yi tsami: Arneson ya kai ƙara a 1979 kan haƙƙinsa, aka sasanta a 1981. A 1984 Gygax ya dawo ya tarar da bashi ya yi wa kamfanin katutu. Ya ɗauko wata mata, Lorraine Williams, ta taya shi gudanarwa. A 1985 'yan Blume suka sayar mata da hannun jarinsu, ta zama mai rinjaye. Ya je kotu bai yi nasara ba, daga baya ya bar TSR. Wasan, da duniyar Greyhawk da ya ƙirƙira a gidansa, duk suka zauna a hannun kamfani.

Bai daina rubutu ba. Ya fitar da Dangerous Journeys a 1992, tsohon kamfaninsa ya maka shi a kotu a kansa, sannan Lejendary Adventure a 1999, amma babu wanda ya kama ƙafar na farkon. TSR ɗin ma bai ɗore ba, Wizards of the Coast ya saye shi a 1997. Gygax ya rasu ranar 4 ga Maris, 2008 a Lake Geneva yana da shekara 69. Har yanzu masoyansa suna taruwa a garin duk shekara a taron da suke kira Gary Con.

Don haka ɗan uwa, ko 'yar uwa, idan kana rubuta labari, ko kana koyon ƙera gem, ko kana son ka jagoranci irin wannan wasan da abokanka, kafin ka ƙara wa bos ɗinka ƙarfi ka tambayi kanka: me yake tsaro, me yake tsoro, wa zai kira idan ta yi zafi, kuma ta ina mai wayo zai zagaye shi? Ranar da abin ya fara kawo kuɗi kuma, kafin ka sa hannu a kowace takarda, ka zauna ka karanta ka ga sunan wa ke kan abin da ka ƙirƙira, da kuma wa ke da rinjaye idan ra'ayi ya saɓa.