Freddie Mercury: Ɗan ma'aikacin kotu daga Zanzibar da ya mai da Wembley 'yan amshinsa

A watan Mayun 1992 ƙungiyar mawaƙan Birtaniya mai suna Queen ta fitar da wani kundi mai faifai biyu da ta kira Live at Wembley '86. Babu sabuwar waƙa a cikinsa. Fitattun waƙoƙin ƙungiyar ne kamar yadda aka rera su kai tsaye a filin wasa na Wembley da ke Landan ranar 12 ga Yulin 1986, gaban mutum kusan 72,000. Amma lokacin da kundin ya shiga kasuwa, mai muryar da ke jan waƙoƙin ya yi wata shida da rasuwa, saboda haka masoyansa suka karɓe shi a matsayin shaidar ƙarshe ta abin da mutumin yake iyawa a kan dandali kafin ciwo ya raba shi da shi.

An haife shi ranar 5 ga Satumban 1946 a tsohon birnin Zanzibar, aka raɗa masa suna Farrokh Bulsara. Iyayensa, Bomi da Jer, 'yan ƙabilar Farsi ne na Indiya, mabiya addinin Zoroaster, kuma mahaifin ma'ajin kuɗi ne a babbar kotun tsibirin ƙarƙashin mulkin Turawan Ingila. Gida ne na ma'aikacin gwamnati mai dogaro da albashi, wanda babban burinsa ɗansa ya yi ilimi. Yana da shekara takwas aka tura shi makarantar kwana ta St. Peter's a garin Panchgani na Indiya. A can ya ƙware a fiyano, ya shiga ƙungiyar kiɗan 'yan makaranta, kuma a can abokansa suka fara kiransa Freddie.

Ya koma Zanzibar a 1963, amma zaman bai ɗore ba. A watan Janairun 1964 juyin juya hali ya kifar da Sarki Jamshid bin Abdullah, aka kashe Larabawa da Indiyawa masu yawa, wasu suka tsere. Iyalin Bulsara suka bar abin da suka tara, suka sauka a unguwar Feltham da ke yammacin Landan. Saurayin ya karanci zane a kwalejin fasaha ta Ealing, ya gama a 1969. Ya yi aikin ɗaukar kaya a filin jirgin sama na Heathrow, ya kuma sayar da gwanjo a kasuwar Kensington tare da wani makaɗin ganga mai suna Roger Taylor.

Taylor da makaɗin jita Brian May suna da wata ƙungiya da ake kira Smile. Da mawaƙinsu ya fita a 1970, Freddie ya maye gurbinsa, ya sauya wa ƙungiyar suna zuwa Queen, shi ma ya ɗauki sunan Mercury. John Deacon ya cike su huɗu a 1971, kuma ba a sake sauya kowa ba har mutuwa ta ratsa tsakaninsu. Kundinsu na farko ya fito a 1973. Shekara biyu bayan haka Mercury ya rubuta Bohemian Rhapsody, waƙa mai kusan minti shida wadda aka yi ta tsoron gidajen rediyo ba za su sa ba saboda tsawonta. Ta yi mako tara tana kan gaba a jerin waƙoƙin da aka fi saye a Birtaniya.

Sai dai a kan dandali ne baiwarsa ta fi bayyana. Waɗanda suka zauna da shi sun san shi da kunya da ƙarancin magana, ba ya son hira da 'yan jarida. Da zarar ya riƙe makirufo kuma sai ya zama wani mutum daban. Yakan dakatar da makaɗa, ya jefa wa taro murya, su amsa masa, ya ƙara tsawaita ta, su sake biye masa, har dubban mutanen da ba su san juna ba su koma 'yan amshin mutum ɗaya. Kundin Live Killers na 1979, wanda aka naɗa a rangadinsu na Turai, shi ne yunƙurin farko na adana wannan a faifai.

Tarihinsa bai rasa tabo ba. A watan Oktoban 1984 Queen ta yi wasa a Sun City, wurin shaƙatawa a yankin Bophuthatswana na Afirka ta Kudu, a daidai lokacin da duniya ta ƙaurace wa gwamnatin wariyar launin fata. Ƙungiyar ƙwadagon mawaƙan Birtaniya ta ci su tara, sunansu ya shiga jerin waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta lissafa da karya wannan ƙauracewa. Abin ya fi yi wa mutane ciwo ganin cewa jagoran ƙungiyar haifaffen Afirka ne.

Martabarsu ta farfaɗo ranar 13 ga Yulin 1985, a taron Live Aid da aka shirya domin tara kuɗin agajin yunwar Habasha. Kimanin minti ashirin aka ba su, kuma har yau ana lissafa wannan ɗan lokaci cikin wasanni mafi ƙarfi a tarihin kiɗan rok. Da wannan ƙarfin guiwa suka fita rangadin Turai a 1986, suka cika Wembley dare biyu a jere, suka yi wasa a Budapest tun Hangari tana ƙarƙashin kwaminisanci. Wasan dare na biyu na Wembley ne aka mayar kundi. A cikinsa ana jin taron ya karɓe waƙar Love of My Life daga bakinsa yana rerawa, ana jin tafi ya haɗu wuri ɗaya a Radio Ga Ga. A ƙarshen wasan ya fito da kambi da alkyabba irin ta sarakunan Ingila. Rangadin ya ƙare a Knebworth ranar 9 ga Agustan 1986, kuma daga ranar bai sake hawa dandali da Queen ba.

A 1987 likitoci suka tabbatar masa yana ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki. A wancan zamani babu maganin da ke danne ta yadda ake da shi yanzu, kuma tsangwamar masu ita ta kai matuƙa. Jaridun Landan sun daɗe suna bin diddigin rayuwarsa ta sirri, musamman tun da ya rabu da Mary Austin a 1976 bayan ya shaida mata cewa zuciyarsa na karkata ga maza. Ya ɓoye ciwon ga kowa sai makusantansa, ya koma ɗakin naɗar sauti. Queen ta fitar da The Miracle a 1989 da Innuendo a farkon 1991, kuma ya ci gaba da rera waƙa a birnin Montreux na Suwizalan har zuwa watan Mayun wannan shekara, yana sane da cewa ba zai ga fitowar waƙoƙin ba. Su aka tattara cikin Made in Heaven a 1995.

Ranar 23 ga Nuwamban 1991 ya fitar da sanarwa yana tabbatar da ciwonsa. Washegari ya rasu a gidansa da ke Kensington yana da shekara 45, aka yi masa jana'iza bisa addinin iyayensa. Ya bar wa Mary Austin gidan da babban kaso na dukiyarsa. Ranar 20 ga Afrilun 1992 abokan aikinsa uku suka koma Wembley domin taron tunawa da shi, kuɗin da aka tara suka zama tubalin gidauniyar Mercury Phoenix Trust mai yaƙi da cutar a ƙasashe da dama. Bayan wata guda kundin Wembley ya fito.

An rushe tsohon filin Wembley a farkon wannan ƙarni, aka gina sabo a gurbinsa. A Montreux mutum-mutuminsa na tsaye a bakin tafki tun 1996, a Zanzibar kuma an buɗe ƙaramin gidan tarihi da sunansa a 2019, a cikin tsohon birnin da iyalinsa suka gudu suka bari shekara 55 kafin nan.