Farfesa Abdou Moumouni Dioffo (1929–1991): Malamin da ya Sa Rana Aiki

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya yi karatu a Yamai ya san sunan Abdou Moumouni, domin shi ne sunan da babbar jami'ar ƙasar Nijar take ɗauke da shi tun shekarar 1992. Sai dai da yawa sun san sunan, ba su san mai shi ba. Masana kimiyya suna tunawa da shi saboda bincikensa a kan makamashin hasken rana, masana tarbiyya kuma saboda littafinsa a kan ilimi a Afirka. Wannan maƙala za ta bi tarihin rayuwarsa domin ta nuna cewa ayyukan nan biyu tushensu ɗaya ne. Yaro ba ya ƙirƙirar abu sai ya fahimce shi, fahimta kuwa ta fi saurin zuwa ta harshen da ya tashi da shi da kayan da hannunsa yake taɓawa. Wannan batu ya shafe mu kai tsaye, mu masu nazarin harshe.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Abdou Moumouni ranar 26 ga Yuni, 1929, a garin Tasawa da ke jihar Maraɗi ta yanzu. Ya fara karatun boko a Damagaram, ya ci gaba a Yamai, sannan ya wuce makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal. A wannan makaranta ce Faransa take horar da malamai da akawuna domin ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma, kuma a nan ne Diori Hamani da Modibo Keita suka yi karatu kafinsa. Faransanci kaɗai ake koyarwa da shi a makarantun wancan zamani, har ma akan hukunta yaron da aka ji yana magana da harshen gidansu.

Daga Senegal ya tafi Faris, ya karanta kimiyyar fizis. A 1956 ya ci jarrabawar nan mai tsanani da Faransawa ke kira agrégation, kuma ana lissafa shi a matsayin baƙar fata na farko daga ƙasashen rainon Faransa da ya ci ta a wannan fanni. A 1967 ya sami babban digirin dakta. Tun yana ɗalibi yake cikin gwagwarmayar neman ƴancin kai: yana cikin waɗanda suka assasa ƙungiyar ɗaliban Afirka baƙar fata da ke Faransa, wato FEANF, haka kuma da jam'iyyar PAI da aka kafa a garin Thiès a 1957.

Koyarwa a ƙasashe huɗu

Ya fara koyarwa a Dakar. A ranar 28 ga Satumba, 1958, al'ummar Gine suka ƙi amincewa da tayin Janar de Gaulle na zama ƙarƙashin inuwar Faransa. Faransa ta fusata, ta kwashe ma'aikatanta da malamanta, azuzuwa suka zama wayam. Abdou Moumouni yana cikin matasan malaman Afirka da suka bar ayyukansu suka tafi Konakiri don cike wannan giɓi. Bayan haka ya koyar a Yamai. A farkon shekarun 1960 ya je Tarayyar Sobiyat ya ƙware a binciken makamashin rana, daga 1964 zuwa 1969 kuma ya zauna a Bamako yana koyarwa, yana jagorantar ɗakin binciken makamashin rana na ƙasar Mali.

Littafinsa a kan ilimi

A 1964 kamfanin Maspero na Faris ya buga littafinsa mai suna L'Éducation en Afrique, aka fassara shi zuwa Ingilishi a 1968. Ya fara da bayanin tarbiyyar gargajiya, inda yaro yake koyon noma a gona, ƙira a maƙera, saƙa a masaƙa, ga kuma tatsuniya da kacici-kacici da dare suna wasa masa ƙwaƙwalwa. Ya bi da bayanin makarantar mulkin mallaka, wadda aka tsara don samar da ƴan tsirarun ma'aikata, ta kuma raba ɗalibi da harshensa da sana'ar iyayensa. Daga ƙarshe ya kawo shawarwarin gyara, kuma ginshiƙinsu shi ne a koyar da yara da manya cikin harsunan ƙasa, a haɗa karatu da aikin hannu. Abin lura shi ne mai wannan kira masanin fizis ne da ya kai ƙololuwa cikin Faransanci, don haka ba wanda zai ce masa gazawa ce ta sa shi faɗar haka. A 1973 Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram, matakin da ya yi daidai da abin da littafin ya nema.

Shekarar 1969

A 1969 ya dawo gida ya karɓi ragamar ONERSOL, hukumar makamashin rana ta Nijar. Wannan shekara tana da muhimmanci ga tarihin kimiyya cikin harshen Hausa. A watan Yulinta ne ƴan sama jannatin Amurka suka sauka a kan wata, Hausawa suka ji labari a rediyo, Mamman Shata ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa. A cikinta ne kuma kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, ƙagaggen labarin kimiyya a kan yaron da wani baƙo daga sararin samaniya ya tafi da shi yawon buɗe ido. Marubuci da mawaƙi sun kawo sararin samaniya cikin Hausa ta hanyar labari da waƙa, suka sa yara ɗaga kai suna tambaya. Abdou Moumouni ya ɗauki ɗaya ɓangaren aikin, wato amsa tambayar da na'urar da ido zai gani.

Na'urorin da ONERSOL ta ƙera masu sauƙin fahimta ne. Tukunyar ɗuma ruwa faranti ne na ƙarfe da aka shafa wa baƙin fenti, aka bi shi da bututu, aka rufe da gilashi. Baƙi yana shan zafi, gilashi yana hana shi fita, ruwan da ya yi zafi kuma yakan hau sama da kansa zuwa tanki domin ya fi mai sanyi rashin nauyi. Murhun rana madubi ne mai siffar ƙwarya wanda yake tara haske wuri ɗaya a gindin tukunya. Matatar ruwa kuwa tana sa ruwa mai gishiri ya tashi tururi, ya taru a jikin gilashi, ya gangaro garau. Duk wannan bayani ana iya yi wa ɗan firamare shi da Hausa, maƙeri kuma yana iya kwaikwayon aikin. A ƙasar da itacen girki yake ƙaranci, hamada kuma take matsowa, amfaninsu a bayyane yake.

Ya riƙe ONERSOL har 1985, ya kuma shugabanci Jami'ar Yamai daga 1979 zuwa 1982. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 7 ga Afrilu, 1991. Wannan rana ce Nijar ta keɓe kowace shekara don tunawa da makamashi mai sabuntuwa.

Daga Malbaza zuwa aji

A watan Nuwamba na 2018 aka buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana a Malbaza, cikin jihar Tawa, mai ƙarfin megawat 7. A yau yaran Malbaza da Birnin Ƙonni da Illela suna ganin farantan sola a kan rufin gidaje da wuraren cajin waya, masu noman rani kuma suna jan ruwa da su. Abin da ake yi wa kallon mafarki a zamaninsa ya zama kayan kasuwa. Amma yawancin farantan daga waje ake kawo su, bayaninsu kuma da harsunan waje yake. Mai saye ya iya kunnawa, bai san abin da ke faruwa a ciki ba, alhali mai ƙirƙira yana farawa ne daga sanin cikin abu.

Kammalawa

Nan ne aikin masu nazarin harshe ya shigo. Hausa ta riga ta nuna tana iya ɗaukar wannan kaya: kumbo sunan mazubin abinci ne kafin ya zama jirgin zuwa wata, tauraron ɗan'adam kuma kalmomi biyu ne na gida da aka harhaɗa suka ba da sabuwar ma'ana. Akwai buƙatar a je wurin masu gyaran sola da rediyo da waya a kasuwannin Ƙonni da Galmi a tattara kalmomin da suke amfani da su, a tace su, a daidaita su da na ƙetaren iyaka, sannan a zuba su cikin littattafan makaranta da ƙagaggun labaran kimiyya da za su ja hankalin yara. Wannan fage ne na kundin digiri ga duk ɗalibin da yake neman batu mai amfani. Abdou Moumouni ya bar mana hujjar yin sa a littafinsa, ya bar mana misali a na'urorinsa. Allah ya jiƙansa da rahama.