Annie Oakley: Gwanar harbin da ta maka jaridun Amurka a kotu

Har gobe masu gasar harbi cikin shigar kaboyi a Amurka suna kwaikwayon Annie Oakley, alhali ba 'yar Yammacin ƙasar ba ce. A Ohio aka haife ta a 1860. Maraici da talauci suka damƙa mata bindiga, tana farauta don ciyar da gidansu. A 1885 ta shiga tawagar wasan Buffalo Bill, sanye da tufafin da ta ɗinka da kanta.

A 1903 jaridun attajiri Hearst suka yi mata ƙazafin sata don sayen hodar iblis, nan kuwa wata ce daban aka kama. Sauran jaridu suka kwafa ba bincike. Ƙara 55 ta shigar, ɗaya tak ta faɗi, sai dai diyyar ba ta rufe kuɗin shari'a ba. Ta rasu a 1926.