Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Hakkin Mata

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, an haifi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu a shekara ta 1781. Ya tashi a zamanin da malami kan yini yana karantar da almajirai a zaure, matansa da 'ya'yansa mata suna cikin gida ba su san farillan alwala ba, kuma ba mai ganin aibin haka, domin kowa a kai ya buɗe ido.

A gidan mahaifinsa Bello ya koyi kiran wannan abu da sunansa. Yana yaro wani malami, Mustafa Goni, ya zargi Shehu da barin mata su halarci wa'azi. Shehu ya umarci ƙanensa Abdullahi ya mai da jawabi, ya nuna barin su cikin jahilci ya fi muni. A cikin Nurul Albabi kuma Shehu ya tsawata wa mazan da suke ɗora wa mata dafuwa da wanki, su hana su sanin addininsu.

Bello ya yi jihadi, ya gina Sakkwato a 1809, ya wallafa Infaƙul Maisuri a 1812, aka yi masa mubaya'a a 1817. Daga baya ya riƙa zama a ribaɗinsa na Wurno. Mulki bai mantar da shi karatun gida ba. Kusa da ƙarshen ransa ya wallafa Kitabun Nasiha, ya tara labarin salihan mata, irin su Rabi'atul Adawiyya, domin mai raina mace ya san akwai waɗanda suka tsere wa maza wajen ibada da sani. Ya nemi ƙanwarsa Nana Asma'u, matar Waziri Giɗaɗo, ta mai da shi waƙa, ta yi da Fulatanci da Hausa, har ya kai ga matan da ba su jin Larabci. Bayan rasuwarsa Nana ta tsayar da 'Yan Taru, jajinta suna kai karatu ƙauye-ƙauye.

Ya rasu a Wurno a 1837, kabarinsa yana can ana ziyara. Malami ko fatake na Achida da Rabah da Goronyo, in sun je ziyara suka komo, ya kamata su tambayi kansu abin da matan gidansu suka sani.

Allah Ya jiƙansa da rahama, amin.